Yadda Ake Shirya Hutun Iyali a Gaɓar Tekun Gana: Keke, Tattaki da Bakin Ruwa

Yaron da ya tashi a Kano ko Maraɗi, babban ruwan da ya taɓa gani bai wuce madatsar Tiga ko gulbi a tsakiyar damina ba. Ranar da autarmu ta fara tsayawa gaban teku, sai ta ƙanƙame ƙafata tana tambaya: "Abba, ina ɗaya gaɓar?" Saboda irin wannan tambayar nake ganin iyalin da Allah ya hore wa hali ya kamata su gwada hutun da yara za su yi gumi a waje, su hau keke, su taka da ƙafa, su taɓa ruwan gishiri, maimakon a kwashe sati a ɗakin otal ana kallon waya.

Na zaɓi kudancin Gana ne don Bahaushe ba ya zama baƙo sosai a can. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja mutanenmu ke bin hanyar, kuma har gobe idan ka shiga Nima ko Sabon Zango a Accra, Hausa za ka ji ana ciniki da ita. Ga yadda muka tsara tamu tafiyar ta kwana takwas.

Mataki na farko: ku auna tafiyar da mafi rauni a cikinku

Kafin a yi maganar kuɗi ko tikiti, a zauna a lissafa waɗanda za su tafi. Wa ya iya keke sosai, wa yake koyo? Wa ke tsoron bisa? Akwai mai goyo, mai juna biyu, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa? Duk tsarin zai bi ƙarfin wanda ya fi kowa saurin gajiya. Idan ƙaraminku ba ya wuce tafiyar awa ɗaya, to tattakin gidan duka awa ɗaya ne. Babban aiki ɗaya tak a rana, da safe, sannan a bar yamma a sake. Wanda ya cusa wurare uku a yini ɗaya, rigimar yara zai girba tun rana ta biyu.

Kuma a bar kowa ya zaɓi abu guda. Mai ɗakina kasuwa ta zaɓa, babban yaronmu keke, ni kuma daji. Yaron da aka saka zaɓinsa a jadawali yakan yi haƙuri da zaɓin wasu.

Mataki na biyu: lokaci

Hutun makaranta uku ne a hannunmu. Na Disamba akwai rani da ɗan hazo, amma a lokacin Accra ta cika da baƙi, kuɗin masauki da na jirgi duk sun hau. Na Afrilu ya faɗo a bakin babbar damina, wadda ke kai ƙarfinta wajen Yuni. Ni dai Agusta na fi so. Abin zai ba ɗan Arewa mamaki, domin a wurinmu marka ce, amma a gaɓar Gana ruwan sama yakan lafa a watan, gari ya yi sanyi-sanyi, yaro ya tuƙa keke har hantsi bai galabaita ba. Aibinsa ɗaya: teku takan yi sanyi da ƙarfi a wannan lokacin, don haka hutun Agusta na wasa a baki ne, ba na iyo ba.

Idan tafiyarku za ta kai farkon Satumba, ku sani ana bikin Fetu Afahye a Cape Coast a Asabar ta farko ta watan, ɗakunan kwana sukan yi wuya.

Mataki na uku: takardu da hanya

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, dokar ECOWAS ta ba shi damar zama har kwana 90. Amma kowane yaro sai da fasfo nasa, har jariri. 'Yan'uwa na Nijar su tuntuɓi ofishin jakadanci tukuna, tun da ƙasar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake cewa yalo kad. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka kada a bari sai ana jibi tafiya. Ana yi wa yaro daga wata tara. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da yaran, a riƙe takardar amincewar ɗayan da takardun haihuwa.

Jirgi daga Legas zuwa Accra wajen awa ɗaya ne. Ta mota kuwa sai an ƙetare iyaka uku: Seme, a wuce Kwatano, a shiga Togo, a bi ta Lome a fita Aflao. Nisan bai kai kilomita 500 ba, amma tsaye-tsayen kan iyaka na iya cinye yini guda. Da ƙananan yara, idan aljihu zai ɗauka, a hau jirgi. Da kun sauka ku mayar da agogo baya da awa ɗaya, ku kuma gyara manhajar lokutan salla.

Mataki na huɗu: horo tun daga gida

Wannan ne mutane suka fi tsallakewa. Sati huɗu kafin tafiya muka fara fita bayan la'asar, sau uku a mako, yara a kan keke mu a ƙafa. Ba gudu ake nema ba. Abin da nake so yaro ya iya shi ne kama birki biyu a tare, tsayawa ba tare da ya faɗi ba, da sauya giya kafin ya fara hawa tudu. Yaranmu sun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda bai taɓa gangarowa daga tudu ba yakan danne birkin gaba shi kaɗai, keken ya kifar da shi ta ka. A nemi wata 'yar gangara a unguwa a yi ta maimaitawa.

Takalmin da za a yi tattaki da shi ma a fara sa shi tun yanzu. Sabon takalmi ranar daji, bororo ne a diddige.

Mataki na biyar: sansani uku, kada a wuce

Mun sauka Accra ranar Alhamis. Juma'a muka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, daga nan muka gangara Nima mai ɗakina ta yi kasuwarta. Wannan ranar ta hutawa ce da sayen layin waya da canjin kuɗi zuwa sidi.

Asabar da Lahadi na Aburi ne, garin da ke kan tsaunukan Akuapem, tafiyar kamar awa ɗaya daga Accra idan hanya ta yi sauƙi. Da sassafen Asabar za ku ga jama'a sun yi layi suna hawa tudun da ƙafa daga Ayi Mensah zuwa Peduase don motsa jiki. A saman akwai lambun itatuwa da aka buɗe tun 1890, da jerin dogayen bishiyoyi masu kama da giginya a mashigarsa. Nan ne wurin tattaki mai sauƙi, ko kaka za ta iya. A garin ana samun masu ba da hayar keke tare da ɗan rakiya. Ku kira su tun kuna gida ku faɗi tsawon kowane yaro, domin kekunan manya sun fi yawa.

Kada kunya ta hana ka duba keken haya kamar mai saye. Matsa birki ka tura, ka ga ko taya ta tsaya cak. Juya feda baya ka ji ko sarƙa na tsalle. Daidaita sirdi yadda yaro zai taɓa ƙasa da yatsun ƙafa. Tambayi ɗan rakiya ko yana ɗauke da famfo da kayan faci, don a cikin gonaki ba mai faci a gindin bishiya irin na gida. Hular kwano kuwa mu daga gida muka zo da ta yara, kuma na gode Allah da muka yi haka. Wani wurin haya da muka fara zuwa ya miƙo mana keke mai birkin baya da ya mutu, yana cewa ai hanyar ba nisa. Muka mayar masa muka nemi wani.

A hanya babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya. Ku ce wa ɗan rakiya hanyar gona kuke so, ba kwalta ba, saboda titin tsaunin ƙunci ne da kwana-kwana, ga motocin haya da suke kira tirotiro. Awa biyu ta isa. Da yamma a ɗauki mota zuwa Mampong, a nuna wa yara gonar Tetteh Quarshie, mutumin da ya kawo irin koko, wanda ake yin cakulan da shi, daga tsibirin Fernando Po a 1879. Yaranmu ba su taɓa sanin cewa a jikin kututture 'ya'yan koko ke fitowa ba.

Litinin bayan asuba a kama hanyar Cape Coast, kimanin kilomita 150 yamma da Accra. A fita da wuri saboda cunkoson garin Kasoa da ke kan hanya.

Mataki na shida: ranar daji

Mun ware Talata ga dajin Kakum, domin a al'adar masuntan yankin ba a shiga teku ranar Talata, bakin ruwa ba shi da armashi. Dajin na da nisan kamar kilomita 30 arewa da Cape Coast. Abin da ya yi suna da shi gadojin igiya ne guda bakwai da aka ɗaura tsakanin manyan bishiyoyi, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, wasu wuraren sun haura mita 30 daga ƙasa. Katako ne siriri a ƙarƙashin ƙafa, raga a dama da hagu, gadar kuma tana lilo da kowane taku.

Ku isa da an buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan makaranta. Kafin gadojin akwai hawa mai ɗan tsauri a cikin daji, a nan ake gane amfanin horon gida. Hannu biyu su zama a sake, jaka a goya ta a baya. Mata su sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, a kuma ɗaure mayafi sosai. Wanda ya ce yana tsoro, kada a tilasta shi, kada a yi masa dariya. Ɗiyarmu ta tsakiya ta ƙi hawa, uwarta ta zauna da ita a ƙasa suna ƙirga malam-buɗe-littafi, kuma har yau tana ba da labarin ranar da daɗi. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, a sa shi cikin lissafi.

Mataki na bakwai: teku ba kogi ba ce

A nan nake roƙon iyaye su saurare ni da kyau. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a gulbi bai iya teku ba. Gaɓar nan tana da wata irin igiya mai ja zuwa ciki. Raƙuman ruwa suna turo ruwa baki, ruwan ya tattaru ya nemi hanyar komawa ta wani ɗan lungu da ƙarfin gaske. Abin tsoron shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: ba kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Nan ne baƙo ke zaɓa wa yaransa. Idan ta ja mutum, kada ya yi kokawa da ita yana neman baki kai tsaye, zai gaji ya nutse. Ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga lungun, yana ɗaga hannu.

Dokokin gidanmu uku ne, kuma mun sa yara sun haddace su tun a mota. Ruwa ba ya wuce gwiwa. Ba a juya wa teku baya. Ba mai taɓa ruwa sai babba na tsaye kusa da shi, ba waya a hannunsa. Ni da mai ɗakina muka riƙa karɓa-karɓa, wanda ke gadi shi ke sanye da wata jar hula, don kada kowa ya zaci ɗayan ne ke kallo. Yawancin bakin ruwan nan ba masu ceto, don haka da kun isa ku gaida masunta ku tambaye su inda ba a shiga. Lambar gaggawa a Gana 112 ce.

Wuraren da ke wajen gari, irin su Brenu a yamma da Elmina, garin masunta da ke kusa da Cape Coast, ko Anomabo a gabas, sun fi tsabta da natsuwa. Labadi ta Accra a ƙarshen mako kiɗa ne da cunkoso da shigar da ba kowane gida zai so yaransa su gani ba, in za a je a je da safiyar ranar aiki. Ku fita bayan karin kumallo, ku koma inuwa kafin azahar, ku sake fitowa bayan la'asar. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira. Alwala ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya zo a hadisi. Batun ƙasaru da haɗa salloli kuma a tambayi malami tun a gida, gwargwadon kwanakin da za a yi a kowane gari.

Safiyar Laraba ku je Elmina ku ga jiragen masunta masu fenti kala-kala suna shigowa da kifi. A gefen akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su. Ɗakunan ƙasan duhu ne da zafi, labarin kuma mai nauyi. Mun shiga da manyan yaran bayan mun yi musu bayani a daren jiya, autar ta tsaya waje da uwarta.

Mataki na takwas: ciki da jaka

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Waakye da ake sayarwa ko'ina wake da shinkafa ne, sunan ma daga bakinmu ya fito. Akwai koko da ƙosai da safe, akwai tuwon zafi, akwai tsire da suke kira cicinga. A Accra nama daga zango za a saya. A Cape Coast da kewaye mu kifi muka riƙe, gasasshe da zafinsa, a ce a rage wa yara yaji. Ruwan sha na roba ko na leda kawai.

A jakar baya ta kullum: ruwa, dabino da gyaɗa, filasta, gishirin zawo, maganin zazzaɓin yara, man korar sauro, tabarmar salla, da leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya. Gidan sauro mu tafi da namu. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayarku ta Gana. Daga kuɗin tafiyar a cire kashi ɗaya cikin biyar a ajiye gefe, ba a taɓa shi sai larura.

Alhamis ba mu tsara komai ba, yara suka yini suna gina ganuwar yashi da tsintar bawon katantanwa. Da la'asar aka ɗauraye takalma da hulunan kwano da ruwan daɗi saboda gishiri na cin ƙarfe, aka shanya. Juma'a tun kafin gari ya waye muka kama hanyar Accra, don jirginmu na yamma ne kuma Kasoa na gaba.