Yadda dangi za su rage wa mai jinyar mace mai nakasa nauyi

Idan mace ta kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ko hatsari ya taɓa mata laka, wankanta da tsarkinta da kula da ita a kwanakin al'ada suna komawa hannun wata mace, domin in ba miji ba, babu namijin da zai yi su. Shi ya sa ake tarar da mutum ɗaya, uwa ko 'ya ko ƙanwa, tana riƙe da jinya shekara da shekaru, 'yan dubiya kuwa su ce "sannu da jinya" su kama gabansu.

Matakin farko shi ne dangi su zauna, mai jinyar ta lissafa musu aikinta daga asuba zuwa asuba. Wadda ba ta iya motsawa ana juya ta kusan duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito, har da dare, wato mai jinyar ba ta samun cikakken barci. Don haka a sami wasu mata biyu su koyi juyawa da wanka, a raba kwana, a kuma tsayar da yini ɗaya a mako da za ta fita unguwa ko ta yi barcinta. Amma a fara tambayar mai lalurar wadda ta yarda ta ga jikinta, kuma duk abin da za ta iya yi da kanta a bar mata.

Daga nan sai rabon maza, waɗanda sau da yawa suke zaton ba su da hannu a lamarin. Su ɗauki ɗebo ruwa, da sayen magani da famfas, da kai ta gashin ƙashi. Su sa kafinta ya yi kujerar bayan gida mai rami, a yi gangarar siminti a dokin ƙofa saboda keke, a ɗaga gado zuwa daidai ƙugu, domin yawan duƙawa da ɗagawa ne ke kashe bayan mai jinya. A asibiti kuwa, dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a 2019 ta ba su damar a fara sallamarsu a layi, kuma ya kamata mai rakiya ya nemi wannan haƙƙin cikin ladabi.

Kuɗi kuma a yanka wa kowa abin da zai bayar duk wata, a ware wani kaso na mai jinyar ita kanta, tunda galibi ta ajiye sana'arta. Idan 'yar makaranta ce, a ganina cire ta daga karatu zalunci ne, ko da an kira shi biyayya.

Idan aka ga mai jinyar ta rame, ko tana yawan kuka da saurin fushi, kada a yi mata wa'azin haƙuri kawai; a karɓe ta na wasu kwanaki, a kai ta asibiti a auna jininta, ta faɗa wa likita damuwarta.