Yadda Ake Neman Aikin Koyar da Turanci da Wurin Zama a Ƙasar Waje

Duk wanda ya yi niyyar koyar da Turanci a wata ƙasa, abin da ya kamata ya fara bincika shi ne dokar biza ta ƙasar, domin ita ce ke tace masu nema tun kafin wata makaranta ta duba takardunsu. Koriya ta Kudu, alal misali, ta fi keɓe bizar E-2 ta koyar da Turanci ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayilan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Wanda fasfonsa ba ya cikin waɗannan, komai iya Turancinsa, gara ya karkata zuwa ƙasashe irin su Tailan da Biyetnam, inda ake ɗaukar malamai daga sassa da dama, ko da yake a kan nemi sakamakon jarrabawar gwada iya Turanci ta IELTS ko TOEIC. Japan kuwa tana da shirin JET tun 1987, mai ɗaukar 'yan ƙasashen waje su taimaka wajen koyar da Turanci a makarantu, wanda ake nema ta ofishin jakadancinta.

Digiri na farko, a kowane fanni, shi ne sharaɗin da aka fi gindayawa, sai kuma takardar shaidar koyarwa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan takardu, CELTA ta Jami'ar Kambirij, takan ɗauki kimanin sa'o'i 120, kuma a ciki akwai sa'o'i 6 da mai horo zai zauna yana kallon mai neman takardar yana koyar da ɗalibai na gaske. Wannan gwajin ne ya sa take da daraja, kuma a ganina kuɗinta bai tafi a banza ba idan aka gwada ta da kwasa-kwasan intanet masu araha da ake gamawa cikin 'yan kwanaki. Takardar 'yan sanda ta rashin laifi da tantance digiri a hukumance kan ci makonni, saboda haka da su ake farawa. A kuma lura da lokaci, domin shekarar karatu a Japan tana farawa ne a Afrilu, a Koriya a Maris, a yawancin Turai kuwa a Satumba.

Idan tayi ya zo, a karanta yarjejeniyar da natsuwa, a bambance sa'o'in shiga aji da sa'o'in da ake so malami ya zauna a makaranta, sannan a nemi a yi magana da wani malami da ke aiki a can. Makarantar da ta ce a shigo da bizar yawon buɗe ido a fara aiki, daga baya za a gyara, ko ta ce za ta riƙe fasfo, a rabu da ita. Dillalin aiki ma makaranta ce ta saba biyansa, don haka wanda ya nemi kuɗi a hannun malami abin tuhuma ne.

Batun gida ya fi ɗaure kai. Makarantu da yawa a Koriya da ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha suna ba da masauki, wanda sauƙi ne babba ga baƙo, sai dai ranar da aiki ya ƙare, ranar ce gidan ma yake tafiya, don haka a tambayi kwana nawa ake bayarwa kafin a kwashe kaya. Wanda zai kama haya da kansa ya yi tanadi sosai. A Japan, ban da kuɗin ajiya da ake mayarwa, akwai reikin, wato kuɗin godiya ga mai gida wanda ba ya dawowa, ga ladan dillali, ga kuma buƙatar mai tsayawa, ta yadda kuɗin shiga kan ninka hayar wata sau da yawa. A Jamus doka ta hana kuɗin ajiya ya wuce hayar wata uku.

Hanya mafi aminci ita ce a kama masaukin wucin gadi na mako biyu ko uku, a je a ga gidan da ido, a auna nisansa da makaranta a lokacin cunkoson safe, kuma kada a tura ko sisi ga mai gidan da ya ce yana tafiya zai aiko da makulli. Ranar shiga a ɗauki hoton kowane ɗaki saboda ranar neman kuɗin ajiya, sannan a yi rajistar adireshi a ofishin ƙaramar hukuma, abin da Japan da Jamus duka suka ba wa wa'adin kwana 14.