Yadda ake ɗaure tukwanen iskar numfashi na safaya a motar kwana-kwana

Tukunyar iskar da ɗan kwana-kwana yake goyawa a bayansa tana da mazauninta a jikin kujera. Matsalar tana ga na safaya, waɗanda ake canzawa da su idan ta farko ta ƙare. Sau da yawa a kwance ake barinsu a ƙasan mota, tsakanin tiyo da gatari, suna mirgina duk lokacin da direba ya sha kwana.

Tukunya mai cin lita 6.8 da aka cika zuwa bar 300 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana ɗauke da iska wajen lita 1,800. Jikinta yana da ƙarfi, amma wuyanta, wurin da aka ɗaura bawul, nan ne lagonta. Idan bawul ya bugi ƙarfe ya karye, iskar za ta fita gaba ɗaya, tukunyar ta tashi da ƙarfin da zai iya fasa ƙofar mota ko ya kashe mutum. Saboda haka duk abin da za a yi, bawul ake karewa.

Da farko a zaɓi wuri. Ya fi kyau a ajiye su a ɗakunan kaya na gefen mota masu ƙofa da sakata, ba inda mutane ke zama ba. A nesanta su da salansa, da inji, da batir, da jarkokin mai. Zafi yana ƙara matsin iska: tukunyar da aka cika bar 300 da sanyin safe, idan ta yi zafin digiri 60 a cikin akwatin ƙarfe, za ta haura bar 350. Duk wanda ya san ranar Katsina a watan Afrilu ya san akwatin ƙarfe da ke kusa da salansa ba zai sha wahalar kaiwa haka ba. A kuma sa su ƙasa-ƙasa, inda mutum zai ciro ba tare da ya ɗaga hannu sama da kafaɗa ba.

Sai mazaunin kansa. Iri biyu ne suka fi aiki. Na farko bututu ne da ake zura tukunya a ciki, gindi ya fara shiga, bawul yana fuskantar ƙofa. A ɗan karkatar da bututun ya gangara ciki domin tukunyar kada ta silalo waje idan an buɗe, a shimfiɗa roba a gindinsa da kewayensa, a huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. A bakinsa a sa ɗamarar da za ta riƙe kafaɗar tukunyar. Ƙofa kaɗai ba ta isa ba, domin ranar da sakata ta sassauta a kan hanyar Katsina zuwa Daura, tukunyar a kan kwalta za a tsince ta.

Na biyu mariƙi ne mai siffar kwarya wanda tukunya ke kwanciya a kai, da ɗamara biyu, ɗaya kusa da kafaɗa, ɗaya kusa da gindi, da kuma matokari a ƙarshe don kada ta silale gaba idan an taka birki. Kowace tukunya da mazauninta. Kada a haɗa biyu da ɗamara ɗaya, domin da an cire ɗaya, ɗayar ta saki.

Wurin kafa mariƙin ne aka fi yin sakaci. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi wajen ƙera motocin kashe gobara a Amurka, NFPA 1901, wadda aka haɗe cikin NFPA 1900 a 2024, ta ce kayan da ke wurin zaman ma'aikata a cikin mota dole mariƙinsu ya jure fisgar da ta ninka nauyinsu sau 9 ta gaba da baya, sau 3 ta sauran ɓangarori. Tukunya mai kilo 7 ke nan za ta ja kamar kilo 63, ta ƙarfe mai kilo 10 kuwa kamar kilo 90. Sukurun da aka murɗa a siririn kwano ba zai riƙe wannan ba. A yi amfani da ƙusa mai noti wadda ta ratsa ta fita, da faffaɗan ƙarfe a baya, da notin da ba ya kwancewa da girgiza. Idan an kai wa mai walda, a sauke duk tukwanen kafin ya kunna wuta, a kuma goge kaifin da walda ta bari.

Kada a ɗaure da robar taya, ko waya, ko igiyar buhu. Roba tana miƙewa, rana kuma tana cinye ta. Waya tana yanka fatar tukunya mai zaren kabon, kuma yankan da ya kai ga zaren yana fitar da tukunya daga aiki har sai masani ya duba. Ɗamarar ba za ta bi ta kan bawul ko geji, wato agogon da ke nuna matsin iska, ba, kuma ba a ɗaga tukunya da abin murɗa bawul, don yana iya buɗewa a hannu.

Kafin a zura kowace tukunya, a tabbatar bawul a rufe yake, a toshe bakinsa da marfinsa. Ƙurar hunturu idan ta shiga bakin bawul, cikin na'urar rage matsi za ta wuce, wadda mutum zai shaƙa ta cikinta. Mai da giris kada su kusanci wurin ko kaɗan.

Bayan an ɗaure, a kama tukunyar da hannu biyu a jijjiga ta gaba da baya da gefe. In ta motsa ko da faɗin yatsa ne, a sake. A yi wannan gwajin duk lokacin karɓar aiki, tare da duba geji, da zaren ɗamara, da ranar gwajin matsi da ke jikin tukunya, wanda galibi duk shekara 5 ake yi.

Tukwanen da aka yi amfani da su ma haka za a ɗaure su a hanyar dawowa, ko da gajiya ta kai inda ta kai. Wadda ake cewa ta ƙare sau da yawa tana da sauran bar 50 a ciki, kuma hakan ya isa ya yi ɓarna. A ɗaura mata jan ƙyalle a wuya domin kada wani ya ɗauke ta a matsayin cikakkiya ya shiga hayaƙi da ita.