Yadda za ka fara tara tsofaffin takardun kuɗin 'yan sari-ka-noƙe ko daga ƙauye kake

Ni dai da anini da kwabo mai huji na fara, waɗanda na tsinta a adakar kakata a ƙauyenmu can bayan Gumel, daga nan abin ya zarce har na faɗa kan takardun kuɗin da masu gwagwarmaya suka riƙa bugawa a ɓoye lokacin da abokan gaba suka mamaye ƙasarsu. Mutanen majalisarmu har yau dariya suke min, wai na ba da kuɗi mai ci na sayi wanda ba ya ci. To ai shi kenan.

In za ka fara, ka fara da Filifin. Japan ta mamaye ta daga 1942 zuwa 1945, sai larduna da dakarun sari-ka-noƙe suka riƙa buga nasu peso, wato kuɗin ƙasar, akwai na Mindanao da Negros da Cebu da Iloilo da Bohol, kuma wanda sojan Japan ya kama da irin wannan takarda a aljihu yana iya rasa ransa, amma duk da haka mutane suna karɓa a kasuwa. An buga su da yawa shi ya sa galibinsu da araha a eBay, kasuwar nan ta intanet, sau tari kuɗin aikowa ma ya fi na takardar, don haka kar ka sayi ɗai-ɗai, tara guda biyar ko shida wajen mutum ɗaya. Ka tsaya kan lardi guda har ka san shi ciki da bai, mai hannu da yawa shi ake damfara.

Wanda ya fi burge ni na Girka ne na 1944, 'yan gwagwarmayar can kan duwatsu da suka ga kuɗin gwamnati ya zama takardar tsire sai suka rubuta darajar tasu takardar da awon alkama, oka kaza, oka ɗaya ta ɗan haura kilo. Kamar dai a ba ka takarda a ce wannan tiya biyar ce ta gero. Wannan kam manomi ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da sabon shiga ba ya ganewa, munin takardar shi ne shaidarta. A daji aka buga, da takarda mara kyau, tawada ta yi nan ta yi can, sa hannu wani na alƙalami wani na hatimi. In ka ga ta yi fes tana ƙyalli kamar yau ta fito daga banki to ka ja baya. Ka sa mai sayarwa ya turo hoton gaba da baya, ka duba lambar, in yana da guda uku duk lamba ɗaya ai hoto ne aka yi. In ta iso ka haska tocila ta baya ka shafa da yatsa, tsohuwar takarda ba ta da santsin ta shagon kwafi.

Sai ajiya, nan ne namu matsalar take, ɗakin ƙasa da gara da ɓera da laimar damina. Don Allah kar ka kai a yi mata laminatin kamar takardar makaranta, ka kashe ta ke nan, ba mai saye kuma. Kar ka goge da dutsen guga, kar ka liƙa salatif a inda ta yage, bar ta da yagewarta. Kowace ka sa ta a ledarta ita kaɗai a miƙe, irin wadda ake yi don kuɗi, in babu to ambulan ya fi ledar kanti, ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, sai akwatin ƙarfe a ɗora kan bulo nesa da bango.

Ka samu littafi kana rubuta lardi da shekara da lamba da nawa ka saya. Kuma ka ɓoye makullin, ƙanena ya taɓa ɗaukar min peso biyu ya kai wa mai shayi.