Idan sabis ya ɗauke: yadda ake tsara ƙungiyar rediyon sa-kai a ƙasar Katagum

Daga Jama'are zuwa Itas/Gadau, Zaki da Gamawa, Agusta da Satumba ne watannin da kogi ke cika ya batse. A Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum. Hanya na yankewa, sabis yakan bi bayanta: motar da ke kai wa turken sabis man dizal ba ta da wurin wucewa, wayar da aka binne a gefen titi kuma ruwa ya tone ta. Lambar gaggawa ta 112 ma sai da sabis take shiga. Rediyon magana, wato oba-oba da manyan 'yan'uwanta, ba ta jiran turken kowa. Batir da eriya kawai take nema, sai mutanen da suka saba aiki da ita tun kafin ruwa ya zo.

A fara da takarda. Magana a zangon masu rediyon sha'awa sai da lasisin gwamnatin tarayya, kuma kowane mai lasisi yana da lambar kira tasa, wadda a Najeriya take farawa da 5N. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NARS, ita ce ƙofar da ta fi sauƙin ƙwanƙwasawa don sanin matakan. Bayan lasisi, a kai sunayen mambobi da kwafin takardunsu ga DPO, hakimi da jami'in SEMA (hukumar agajin gaggawa ta jiha) na ƙaramar hukuma. Kada a raina wannan. A halin tsaron da ake ciki, wanda aka tare da oba-oba a shingen bincike ba shi da takarda zai sha tambayoyi, kuma da gaskiyar mai tambayar.

Aikin hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne tsakanin ƙauyuka da hedikwatar ƙaramar hukuma, a zangon mita 2, daga 144 zuwa 146 MHz. A 145.500 ake kira, sannan a koma wata tashar da aka yi ittifaƙi a kanta. Oba-oba ta hannu mai wat 5 da guntuwar eriyarta ta roba ba ta cika wuce kilomita 3 zuwa 5 a cikin gari ba, ko me aka rubuta a kwalinta. A wannan zangon tsayin eriya ne ke kai magana nesa, ya fi ƙarin wat amfani. Eriyar da aka ɗaga mita 9 za ta ji mai oba-oba a tsaye daga wajen kilomita 15 a fili, eriya biyu masu wannan tsayin kuma za su ji juna a kusan kilomita 25. Ƙasar Katagum shimfiɗaɗɗiya ce, don haka lissafin yana tafiya daidai. A kudu, wajen duwatsun Dass da Toro, sai an hau tudu an gwada.

Wannan eriyar da hannu ake haɗa ta. A sami soket ɗin SO-239 guda da wayar tagulla mai kauri. A yanki santimita 49 a liƙa da dalma a tsakiyar soket, ta miƙe sama. A yanki wasu huɗu masu santimita 51 a ɗaura a ramukan kusurwa huɗu, a lanƙwasa su ƙasa rabin hanya tsakanin kwance da tsaye. A ɗaure a kan gora ko bututun roba, a naɗe mahaɗar da tef sosai, don ruwa in ya shiga wayar eriya ya lalata ta ke nan. Wayar ita ce inda aka fi asara ba a sani ba. Wayar eriya nau'in RG-58 mai tsawon mita 15 tana cinye kusan rabin ƙarfin rediyo a wannan zango kafin ya isa sama, saboda haka in za a wuce mita 10 a nemi RG-213. Wayar dish da ta cika kasuwa kuwa 75 ohm ce, rediyo 50 take so, kuma ragar jikinta yawanci ta alminiyam ce, ba ta kama dalma. Kafin a fara magana a auna da mitar SWR, na'urar da ke nuna ko eriya ta dace da rediyo. In ta haura 2, a duba mahaɗa tukuna, don can matsalar ta fi zama.

Hawa na biyu shi ne daga Azare zuwa Bauchi, tafiyar kusan kilomita 200 wadda zangon mita 2 ba zai iya kaiwa ba. Nan sai gajeren zango. Dabarar ita ce a shimfiɗa eriya ƙasa-ƙasa da gangan, yadda sautin zai tashi sama tsaye ya dawo kamar ruwan sama a kan duk abin da ke cikin 'yan ɗaruruwan kilomita. Ga 7.110 MHz, inda masu rediyon Afirka da Turai suka ware don taruwa lokacin bala'i, waya biyu ake yanka, kowace mita 10, wayar eriya a tsakiya, a rataye a tsayin mita 4 zuwa 6. Bishiyar maina biyu sun wadatar. Wanda ya ɗaga ta can ƙololuwa zai iya jin Turai tangaran amma ya rasa Bauchi. In dare ya tsala 7 MHz ta ƙi, a sauka 3.760 MHz, da waya mai mita 19 kowane ɓangare, sai dai a san cewa ƙarar walƙiyar damina ta fi damun wannan zangon.

Wuta ce ke kashe yawancin tashoshi a kwana na biyu. Rediyon tebur mai wat 50 tana jan amfiya 10 zuwa 11 in ana magana, ƙasa da 1 in ana saurare. In cikin awa 24 an yi magana ta awa biyu da rabi, za a sha kusan 40Ah. Batirin sola na dalma mai 100Ah rabinsa kawai ake ci in ana son ya yi ƙarko, wato kwana ɗaya ke nan da ɗan saura. A haɗa shi da fanel mai wat 200, saboda hadarin Agusta yana rage caji ƙwarai, kuma a sauke rediyon zuwa wat 10 duk inda hakan ya isa. A jona rediyo kai tsaye da batir, da fis mai amfiya 15 dab da kan batirin. Kada a bi ta inbata: ƙananan inbata da wasu na'urorin daidaita cajin sola suna cika gajeren zango da ƙugi. Gwajin mai sauƙi ne, a kashe su a ji ko ƙarar ta ɗauke. A shafa jan fenti a kan waya da kan batir na ɓangaren da ke da alamar +, domin juya su cikin duhu na iya ƙona rediyo nan take. Hadari na haɗowa da tsawa kuma, a zare wayar eriya daga rediyo a fitar da bakinta waje.

Sai tsarin magana, wanda ya fi duk kayan nan wuyar koyo. Kowane zama yana da madugu guda. Shi ke ba da izini, kowa da shi yake magana, ba a tsallake shi sai ya yarda. A danna maɓalli, a jira daƙiƙa ɗaya, sannan a fara, in ba haka ba kalmar farko ta ɓace, kuma sau da yawa ita ce sunan garin. Sallama ɗaya ta isa. Gaisuwar gida da gajiya a bar ta sai an haɗu. Ba a aika saƙo daga ka. A rubuta shi tukuna a littafi: lambar saƙo, lokaci, daga wa, zuwa ga wa, sannan magana da ba ta wuce kalma 25 ba. "Ruwa ya yi ɓarna sosai" ba ta taimaki kowa ba. A faɗi gari, mutum nawa, me ake nema, ta wace hanya za a iso, da mota ko sai kwalekwale. Talatin da tamanin suna kama da juna cikin ƙara, haka sittin da tis'in, don haka a karanta adadi ɗai-ɗai: uku, sifili. Mai karɓa ya maimaita saƙon gaba ɗaya kafin a ce ya shiga. A kuma tuna zangon a buɗe yake, doka ma ta hana ɓoye ma'anar magana a cikinsa, duk mai rediyo yana ji. Kada a ambaci sunan mamaci ko wurin da aka ajiye kayan tallafi. Abin da mutum bai gani da idonsa ba ya ce ji ya yi, ya faɗi daga bakin wa. A yankin da Fulani suka yi yawa a tanadi mai jin Fillanci kusa da madugu.

Tashar madugu ta zauna inda saƙo zai faɗa hannun mai iya yin wani abu: sakatariyar ƙaramar hukuma, babban asibiti, ko kusa da 'yan Red Cross. In hakan bai samu ba a ajiye mai babur a ƙofa.

Atisaye mako-mako ne, ko minti 20 bayan Isha'i, ana karɓa-karɓar madugu. A nan ake gano wanda maɓallinsa ke maƙalewa a aljihu ya toshe zango (a saita rediyo ta yanke kanta bayan minti 2), da wanda ya kunna CTCSS shi kaɗai (tsarin da ke hana rediyo jin duk wanda bai aiko da wani keɓaɓɓen sauti ba), ana jin sa shi ba ya jin kowa. Rediyoyi irin Baofeng UV-5R suna iya shiga zangon da ba na masu sha'awa ba, don haka mutum ɗaya ya saita duka da manhajar CHIRP, tashoshi iri ɗaya a lamba iri ɗaya. A watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, a zaga ƙauyukan bakin kogi ɗaya bayan ɗaya, a kira madugu daga kowanne, a rubuta a taswira inda aka ji shi da inda ba a ji ba. Ƙauyen da bai samu ba a nemo masa wani a tsakani da zai riƙa karɓa yana miƙawa, a rubuta sunan mai riƙon da na mataimakinsa a gefen taswirar.