Yadda za ka yi wuni guda kana hawan dutse a tsibiran Sikotland

Tun da na dawo Kaduna yaran unguwarmu masu shirin tafiya karatu Birtaniya suke damuna da tambaya a kan hotunan da na ɗauka a tsibirin Harris, wai yaya ina ne nan, ya ake zuwa. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Abu na farko, ka cire agogon Kaduna daga kanka. Mu nan jikinmu ya saba, rana ta yi sanyi ka san la'asar, bakwai saura an kira magariba kowa ya nufi gida. A can cikin watan Yuni rana na fitowa wajen huɗu da minti ashirin na asuba a Stornoway, babban garin Lewis da ke haɗe da Harris, ba ta faɗuwa sai wajen goma da rabi na dare, awa 18 kenan na haske, kuma ko ta faɗin ma sama ba ta yin duhu sosai. Daɗin abin kenan kuma shi ne tarkon, don za ka ɗaga kai ka ga rana tsaye ka ce ai da saura, alhali ƙafarka ta yi awa tara tana aiki, ruwanka ya ƙare, bas ɗin ƙarshe ya wuce tun ɗazu. Saboda haka tun kafin ka fito ka yanke lokacin juyowa, misali ƙarfe uku, ka sa ƙararrawa a waya, in ta buga ka juya ko da ƙololuwar na gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Zuwan ma kansa aiki ne. Daga Glasgow za ka bi mota har Uig a tsibirin Skye, ka hau jirgin ruwan kamfanin CalMac zuwa garin Tarbert da ke Harris, awa ɗaya da minti arba'in. Ko ka bi ta Ullapool zuwa Stornoway, wannan wajen awa biyu da rabi ne. Ka sayi tikiti da wuri musamman in da mota za ka shiga, ba tashar Kawo ba ce da za ka zo ka ce direba a matsa a sa ni. Kuma iska na iya sa a soke jirgi, don haka kar ka sa jarrabawa ko aiki washegarin dawowarka.

Dutsen da nake ba sabon shiga shawara shi ne Clisham da ke Harris, mafi tsayi a rukunin tsibiran yankin da ake kira Outer Hebrides gaba ɗaya, mita 799. Na san za ka yi dariya, garin Jos da mutane ke kwana su tashi a ciki ya haura mita 1,200. Ni ma na yi dariyar. Amma can daga kusan bakin teku ake ƙirgawa, iskar Atlantika na dukanka ba abin da ya tare ta, babu bishiya ko ɗaya da za ka raɓa. In ka bi gajeriyar hanya daga titin A859 awa uku zuwa huɗu ka je ka dawo. In kuma doguwar rana kake so da gaske sai ka yi zagayen da ke haɗa Clisham da tsaunukan da ke jere da shi, kusan kilomita 14, hawan ciki in aka tara ya wuce mita 1,000. Akwai lissafin da wani ɗan Sikotland mai suna Naismith ya fitar tun 1892, awa ɗaya ga kowane kilomita 5, ka ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Da wannan zai ba ka wajen awa huɗu da rabi, amma ka sa bakwai ko takwas, don lissafin bai san da taɓo ba.

Taɓon nan fa shi ne abin da ba wanda ya gaya min. Ƙasar baƙa ce mai riƙe ruwa kamar soso, kana ganin ciyawa kore shar ka taka sai ka ji ka nutse har ƙauri. Wurin da ya fi kyau a ido shi ya fi cin mutum. Ka taka dutse ko inda ƙananan ciyayi masu kaushi suka fito. Takalmi sai but wanda ruwa ba ya shiga, da safa biyu a leda. Wandon jins kuwa ka bar shi a gida, in ya jiƙe ya zama buhun siminti.

Sun ce bazara, kar ka ɗauka irin tamu ta Afrilu. Zafin bai cika wuce digiri 15 ko 16 ba a ƙasa, a sama kuma ga iska ga yayyafi, sanyin ya fi na hunturun Janairu shiga ƙashi saboda jiƙe kake. Rigar ruwa mai hula, suwaita, hular sanyi, safar hannu. Suwaitar ka tsinta a gwanjon Kasuwar Barci kafin ka tafi, rigar ruwan dai ka saya can. Ka duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, da dare, ka sake dubawa da safe. Taswirar takarda ta Ordnance Survey da kamfas dole ne, ka kuma koyi aiki da su tun a ƙasa, don hazo in ya sauko ko mutum na gabanka da taku goma ba ka ganinsa, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Ka gaya wa mai masaukinka hanyar da za ka bi da lokacin dawowa. In abu ya ɓaci 999 ne, ka nemi 'yan sanda ka ce masu ceto a dutse kake so.

Sai ƙwarin da suke kira mij. Sun fi sauro ƙanƙanta nesa, amma rundunarsu ake zuwa, in iska ta kwanta da safe ko yamma wallahi sai ka gwammace sauron bakin kogin Kaduna. Ka sayi ragar rufe fuska da man korar ƙwari na Smidge, ka ci abincinka a inda iska ke kaɗawa. Guzuri dabino, gyaɗa, burodi, shayi a filas, ruwa lita biyu. Kilishi kar ma ka ɗauko daga gida, ba a barin shiga da nama Birtaniya daga Najeriya.

Sallah kuma ka sauke jadawalin garin tun kana da sabis, don ido ba zai taimake ka ba, alƙibla na kudu maso gabas, kamfas ɗin nan zai yi maka aiki biyu. Ka ɗauki leda mai faɗi ta shimfiɗa. Maganar haɗa salloli da lokacin isha a irin wannan wata ka tambayi malami kafin ka tafi, akwai masallaci ma a Stornoway da aka buɗe a 2018.

Dokar Sikotland ta 2003 ta ba ka damar ratsa fili ko na wane ne in dai ba ɓarna za ka yi ba, ka bar ƙofar shinge yadda ka same ta, kar ka firgita tumakin mutane. In ka sauko ka tuɓe ka duba jikinka tas, bayan gwiwa da hammata da ƙugu, akwai kaska kuma tana ɗauke da cutar Lyme. Kuma in Asabar ka hau, ka yi sayayyar abincinka tun Juma'a, mutanen Lewis da Harris ba sa wasa da Lahadi, yawancin shaguna a kulle, bas ma kar ka sa rai. Ni ragowar dabinon jakata da ruwan zafi na wuni a kai.