Kurakuran da jagoran wasa ke yi wajen shirya faɗa a Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons wasan labari ne da ake yi a kan tebur da dayis, kowane ɗan wasa da jaruminsa, jagora kuma shi ke tafiyar da labarin da maƙiya. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar jagora, wato DM, ya san shirun da ke biyo bayan mutuwar jarumin wani. Wani lokaci shirun ba ya daɗewa, sai dariya ta ɓarke, mai jarumin ya jawo sabuwar takarda ya ƙirƙiri wani jarumin. Wani lokaci kuma sai ka ga ya tattara dayis ɗinsa ba tare da ya kalle ka ba. A ganina tsananin faɗan ba shi ne ke kawo wannan bambanci ba. Mutum yana haƙuri da mutuwar da ya hango kuma ya zaɓi ya tunkare ta. Wadda ba ya yafewa ita ce wadda ta faɗo masa ba gargaɗi, ba mafita. Yawancin kurakuran da zan ambata a nan tushensu ke nan.

Na farko shi ne dogaro da lambar CR, wato ma'aunin haɗarin dodo, kamar ita kaɗai ce hukunci. Lambar tana nuna ƙarfin dodo ɗaya a gaban jarumai huɗu masu cikakkiyar lafiya, ba ta ƙirga yawa ba. Dubi faɗan farko a Lost Mine of Phandelver, labarin da ya zo cikin akwatin masu koyo na bugu na biyar a 2014: goblin huɗu ne, wato ƙananan dodanni, suke kwanton ɓauna a bakin hanya. Kowanne CR ɗinsa 1/4, makin da ake samu in an kayar da shi 50, kai ka ce abin wasa. Amma littafin jagora na 2014 ya ce in dodanni sun kai uku zuwa shida a ninka jimillar sau biyu, 200 ta koma 400. Ga jarumai huɗu 'yan mataki na ɗaya, 400 ita ce daidai iyakar da littafin ya kira mai kisa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ka ƙara yin lissafin. Mai sihiri a mataki na ɗaya yakan fara da makin rai 8, kariyarsa kuma, wato lambar da mai hari zai kai kafin ya same shi, kamar 12. Goblin yana da ƙarin 4 a harinsa, don haka 8 ko sama da haka a dayis mai fuska ashirin ta ishe shi, wato sau 65 cikin ɗari zai samu. In daga ɓoye ya harbo, dayis biyu zai jefa ya ɗauki babba, damar ta kusa 88. Kibiyarsa tana cin maki 3 zuwa 8. Kibiya biyu, mai sihiri ya kwanta tun bai buɗe baki ba. Gyaran ba wuya: a matakai na ɗaya da na biyu ka rage yawan maƙiya, ka rarraba harinsu, ko ka bar alamar da mai lura zai gani kafin tarkon ya rufe. Littafin jagora na 2024 ya cire ninkin nan, amma hannu huɗu har yanzu hannu huɗu ne.

Akwai kishiyar wannan kuskure, kuma ita ta fi ba da kunya. Ka yi makonni kana gina babban mugu, ka fito da shi shi kaɗai gaban jarumai biyar. Su suna da motsi biyar a kowane zagaye, shi yana da ɗaya. Kafin ya gama jawabinsa an gama da shi. Ganin haka sai jagora ya ɗauko dodon da ya fi su da matakai da yawa, sai ya zama duka ɗaya ke kwantar da mutum. Abin da ya fi shi ne ka ba mugun 'yan baranda, ko ka yi amfani da motsin da manyan dodanni ke yi tsakanin na jarumai, wanda wasan ya tanada domin wannan matsalar.

Sai dodannin da lambarsu ke yaudara. Wadda ake kira Inuwa, CR ɗinta 1/2 kacal, amma duk taɓawa tana zuƙe ƙarfin jiki 1 zuwa 4, kuma in ƙarfin ya kai sifiri jarumi ya mutu nan take, ba jifan ceton rai, wato dayis ɗin da wanda ya suma ke jefawa don ya tsira. Ghoul, dodo mai cin gawa, yana shanye jiki, wanda jikinsa ya shanye kuwa duk dukan da ya same shi daga kusa mummunan duka ne mai ninki. Mutum-kerkeci na littafin dodanni na 2014 makamin da ba na azurfa ko sihiri ba bai masa komai. Ka tura shi kan 'yan wasan da ba su da ko cokalin azurfa, mayaƙinsu zai yi ta sara har ya gane wasa ake da shi. Ka karanta duk abin da dodo ke iya yi kafin ranar wasa, sannan ka dasa labarinsa: mafarauci a mashaya da ke rantsuwa mashinsa ya lanƙwashe, maƙeri da ke sayen tsofaffin kuɗin azurfa da tsada. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya ji ya ƙi shiri, wannan kuma ruwansa.

Na taɓa yin babban kuskure a nan. Na saka matashin jan dragon a hanyar jarumai 'yan mataki na huɗu, da niyyar su gan shi su gudu. Ban gaya musu komai ba, na shimfiɗa taswira na ce a jefa dayis na jerin motsi, wanda ke nuna wa zai fara a faɗa. To, ga ɗan wasa, taswira da jerin motsi ma'anarsu ɗaya ce: jagora ya auna wannan faɗa, za mu iya. Hurawar wuta ɗaya, dayis 16 masu fuska shida, ta kwantar da uku. Laifina ne. In faɗa ya fi ƙarfinsu, ka nuna musu ƙonannun gawawwakin sojojin da suka fi su, ka faɗa ƙarara cewa jarumanku sun san wannan ba tsaranku ba ne, kuma ka tabbata akwai ƙofar gudu ta gaske. Dragon yana tashi sama, ya fi kowa sauri, saboda haka cewa "ku gudu" a fili fetal zancen banza ne sai akwai kogo mai ƙunci ko dalilin da zai hana shi bin su.

Wani abin da ake mantawa shi ne gajiya. Littafin 2014 ya gina lissafinsa kan faɗa shida zuwa takwas masu matsakaicin ƙarfi ko masu wuya a rana guda. Kaɗan ne ke wasa haka. In faɗa ɗaya kake yi sannan a kwana, za su zuba duk sihirinsu a kai ya zama ruwa. In kuma ka jera uku masu zafi ba hutu, na ukun da takarda ta ce matsakaici ne zai iya share su. Kafin ka buɗe ƙofa ta gaba, leƙa makin ransu da sihirin da ya rage.

Batun dukan wanda ya faɗi kuwa, ƙa'ida ta yarda: duka daga kusa a kan wanda ya suma yana cin biyu daga cikin faɗuwa uku a jifan ceton rai da ke kai shi kabari. Kura mai yunwa za ta iya jan gawa, ɗan fashi kuwa zai juya kan wanda ke tsaye da takobi. Ka bar halin maƙiyi ya yanke, ba haushin da kake ji na wanda ya ɓata maka shiri ba. Haka ma sauya sakamakon dayis a bayan allon da ke ɓoye jifan jagora. Ni na daina, domin ranar da suka gane, nasarorinsu na baya ma sun rasa daɗi. In na ga na tsananta, sai maƙiya su nemi fansa, su kama su bayi, ko su ja da baya da abin da suka zo ɗauka.

Gary Gygax ya fitar da Tomb of Horrors a 1978, kurkukun da ya shahara da kashe jarumai, kuma har yau akwai masu shiga da murna saboda sun san inda za su. Tun zaman farko, kafin a jefa dayis ko ɗaya, ka tambayi mutanenka wane irin wasa suke so, mutuwa tana kusa ko tana nesa, kuma in jarumi ya mutu a wane mataki sabon zai shigo.